Daga Ƙal'ar Ajyad Zuwa Hasumiyar Agogo: Yadda Tsohuwar Makka Ta Ɓace

Duk alhajin da ya shiga Makka daga 2012 zuwa yau, abin da idonsa ke fara gani tun motarsu tana kan hanyar Jidda shi ne agogo. Tsofaffin da suka ɓata tsakanin Harami da masaukinsu na Misfala ko Kudai, da shi suke gane hanya. Tsayin hasumiyar da ke ɗauke da shi mita 601, faɗin fuskar agogon kuma mita 43. Ɗakin Ka'aba da ke ƙarƙashinta bai wuce mita 15 ba. Mai ɗawafi in ya ɗaga kai daga wajen Maƙamu Ibrahim, ginin ne ke cika masa ido, shi da benaye shida da ke jingine da shi, waɗanda aka haɗa aka kira Abrajul Bait.

Kafin a kafa tubalin farko na wannan gini, dutse ne a wurin, ana ce masa Bulbul. A kansa akwai wani gidan tsaro na dutse da aka gina wajen 1780, zamanin da Makka ke hannun Sharifai ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, don kare garin daga mahara. Sunansa Ƙal'ar Ajyad. Ya fi shekara 200 yana kallon Harami, yana nan a kusan kowane tsohon hoton Makka. A watan Janairun 2002 katafila ta hau kansa, cikin 'yan kwanaki aka gama da shi, sannan aka juya kan dutsen, aka fasa shi, aka kwashe.

Turkiyya ta yi tsalle ta dire. Ministanta na al'adu a lokacin, Istemihan Talay, ya kwatanta abin da rusa gumakan Bamiyan da 'yan Taliban suka yi a Afganistan shekara guda kafin nan. Saudiyya ta mayar da martani cewa gini ne na soja, ba wuri mai alfarma ba, kuma ba mai hurumin tsoma baki cikin abin da ke ƙarƙashin ikonta. Ta ƙara da cewa filin ya zama wakafin Sarki Abdul'aziz, kuɗin hayar benayen za su riƙa tafiya ne ga hidimar Masallatai Biyu Masu Alfarma. Maganar ta yi zafi na 'yan makonni, ta lafa. Kamfanin Bin Laden ya shiga aiki.

Rushe gidaje don faɗaɗa Harami ba Al Sa'ud suka fara shi ba, kuma duk wanda zai yi adalci a wannan magana sai ya fara daga nan. A zamanin Annabi (SAW) masallacin ba shi da katanga, fili ne kewaye da Ka'aba, gidajen Ƙuraishawa sun zagaye shi, lungunan da ke tsakaninsu su ne ƙofofi. A shekara ta 17 bayan hijira Sayyidina Umar ya ga wurin ya yi wa jama'a kaɗan, ya sayi gidajen da ke kusa ya rushe. Wasu suka ƙi sayarwa. Malaman tarihi irin su Azraƙi, mai littafin Akhbaru Makka, sun ruwaito cewa ya rushe nasu ma, ya ajiye musu kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka karɓa, bisa hujjar cewa su ne suka zo suka tarar da Ka'aba, ba ita ta tarar da su ba. Sayyidina Usman ya sake yin haka a shekara ta 26, har ta kai ga tsare wasu da suka yi bore. Halifa Mahdi na Abbasiyawa ya yi gagarumar faɗaɗawa a shekarun 160 bayan hijira, aka ɗauko ginshiƙan marmara daga Sham da Masar. Darun Nadwa ma, majalisar Ƙuraishawa, a ƙarshe cikin masallaci ta narke.

Daga nan sai girman masallacin ya tsaya kusan cik, sama da shekara dubu. Abin da Turkawa suka yi gyaran fuska ne: a 1571 Sarki Salim na Biyu ya ba da umarnin a cire rufin katako a mayar da shi ƙubbobi, aka kammala a zamanin ɗansa Murad na Uku. Waɗannan su ne jerin rumfunan nan masu ƙananan ƙubbobi da suka zagaye filin ɗawafi, waɗanda duk wanda ya yi aikin hajji kafin 2012 ya sha inuwarsu.

Garin da ya girma a bayan rumfunan ƙaramin gari ne a cikin kwari. Unguwanninsa suna da suna da hali: Shamiyya, Shubaika, Haratul Bab, Ƙushashiyya, Suƙul Lail, Ajyad, Misfala, Jarwal. Gidajen na dutse ne, hawa uku zuwa biyar, suna hawa jikin duwatsu kamar matattakala. Abin da ya fi ƙawata su shi ne rawashin, wato tagogin katako masu sassaƙa da ke turowa waje, iska ta shiga, mai gida ya ga titi, na titi bai gan shi ba. Katakon daga Indiya da tsibiran Jawa ake kawo shi ta jirgin ruwa. Baturen nan ɗan Suwizalan, Burckhardt, da ya shiga garin a 1814 cikin shigar Musulmi, ya lura cewa gidajen Makka sun fi na sauran garuruwan gabas yawan tagogi masu kallon titi, kuma dalilin kasuwanci ne: an gina su ne don a ba alhazai haya. In lokacin hajji ya zo, iyali su tattara su koma saman soro ko ɗaki guda, su bar wa baƙi sauran. Kuɗin wata biyu shi ke riƙe gidan shekara. Wato otal na alhazai, kafin a san otal, gidajen mutanen gari ne, ribar kuma tana yaɗuwa cikin dubban hannaye.

Ga kuma ribaɗai, gidajen wakafi da attajirai da sarakunan ƙasashe suka gina don talakawan alhazai da ɗalibai da gwauraye su zauna kyauta. Da yawansu ba su fi taku ɗari da ƙofar masallaci ba.

Safa da Marwa kuwa titi ne. Mai sa'ayi yana ratsa kasuwa ne, kantuna dama da hagu, masu aski na jira a Marwa, raƙuma da jakuna, daga baya har motoci, suna gilmawa. Kowace mazhaba tana da rumfar limaminta a gefen filin ɗawafi, har da Maƙamul Maliki, inda mutanen Magrib da na ƙasashenmu suka saba tsayawa. Sarki Abdul'aziz ne ya haɗe jama'a bayan liman guda jim kaɗan bayan ya karɓi garin, rumfunan kuma aka kawar da su daga baya.

A 1955, shekarar da Sardauna Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko, Sarki Sa'ud ya fara faɗaɗawar farko ta gidan Al Sa'ud. Jirgin sama ya fara sauya lissafi. Tafiyar da kakanni ke yi a shekara biyu ko bakwai ta Chadi da Sudan, ana noma ana ƙwadago a hanya har a kai Sawakin a tsallaka Bahar Maliya, ta koma ta yini guda. Alhazan waje da ba su cika wuce dubu ɗari da ɗoriya ba a farkon shekarun 1950, sun kai miliyan a farkon shekarun 1980. A 2012 jimillar mahajjata ta haura miliyan uku. Ba yadda masallacin Mahdi da rumfunan Salim za su ɗauki wannan taro. Aka rushe kasuwar Safa da Marwa aka mai da ita doguwar rumfa mai hawa biyu a cikin masallaci. Darul Arƙam, gidan da Musulmin farko suke taruwa a ɓoye a gindin Safa, shi ma faɗaɗawa ta haɗiye shi. A 1988 Sarki Fahad ya fara tasa ta ɓangaren yamma, ta cinye Suƙus Sagir. A Madina abin ya fi haka: masallacin Annabi da harabarsa sun shimfiɗu a kan kusan duk inda tsohon garin yake, har da Haratul Agawat, unguwar bābannin da ke hidimar ɗakin Manzo.

Masu kare wannan aiki suna da hujjar da ba a ture ta da baki. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsutsun ramin Mu'aisim. A watan Janairun 2006, ana gab da fara hajji, wani tsohon masauki a unguwar Gazza ya rufta, mutum 76 suka mutu. Lungunan da ke burge mai ɗaukar hoto, motar asibiti ba ta shiga cikinsu. Wanda ya taɓa matsuwa a tsakiyar ɗawafi ranar sallah, ya ji ƙafarsa ta bar ƙasa, ba zai yi saurin kukan an faɗaɗa wuri ba.

Akwai kuma dalili na biyu, na aƙida, wanda ya girmi na cunkoso. Malaman da'awar Shaihu Muhammad bin Abdulwahab suna ganin gini a kan kabari da ziyartar wurare don neman tabarruki ƙofa ce ta shirka, toshe ta kuma wajibi ne. Suna kafa hujja da hadisin da aka aiki Sayyidina Ali ya baje kaburburan da aka ɗaga, da kuma labarin cewa Sayyidina Umar ya sa an sare bishiyar da aka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashinta da ya ji mutane na zuwa salla a wurin. A kan wannan fahimta aka rushe ƙubbobin maƙabartar Mu'alla a Makka a 1925, da na Baƙi'a a Madina a 1926. Wasu malaman, ciki har da na Makkan kanta irin su Sayyid Muhammad Alawi al-Maliki, wanda ya rasu a 2004, suna ganin kiyaye gurbin Annabi ba bauta masa ba ne, suna kuma tuna yadda Abdullahi ɗan Umar yake bibiyar wuraren da Manzo ya sauka. Mai karatu a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san wannan muhawara, ya ji ta a masallacin unguwarsu, ba sai an maimaita masa ba.

Yadda wannan saɓani ya kasance a aikace, gidaje biyu sun isa misali. Na farko wurin da mutanen Makka suka daɗe suna cewa nan aka haifi Annabi (SAW), a Shi'ibi Ali. Bayan an rushe ginin da ke kansa, Shaihu Abbas Ƙaɗɗan, wanda ya riƙe shugabancin hukumar birnin, ya nemi izinin Sarki Abdul'aziz ya gina ɗakin karatu a wurin, a farkon shekarun 1950. Dabara ce ta mai hankali: ɗakin karatu ba wanda zai ce masa ƙubba. Na biyu gidan Nana Khadija, inda Annabi ya zauna shekaru masu yawa, inda aka haifi Nana Faɗima. Shi ma Ƙaɗɗan ya ɗora makarantar haddar Alƙur'ani a kansa. A 1989, ana aikin harabar gabas, aka rushe makarantar, harsashin tsohon gidan ya bayyana. Ahmad Zaki Yamani, tsohon ministan man fetur kuma ɗan Makka, ya tura ma'aikata suka yi ta aiki dare da rana, suka auna ɗakunan, suka ɗauki hotuna, kafin a cika wurin da yashi a shimfiɗa marmara. Shekaru bayan haka ya fitar da littafi guda a kan abin da aka gani. Masu suka sun daɗe suna ƙorafin cewa bandakuna da wuraren alwala aka gina a wannan gefe. Alhazai dubu nawa ne ke wucewa ta wurin kullum, suna fitowa daga Marwa, ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba.

Sai dai cunkoso da aƙida, ko an haɗa su, ba su isa su bayyana abin da ya faru daga shekarun 1990 ba. Ƙal'ar Ajyad ba kabari ba ce, ba wanda ya taɓa shafar bangonta don neman albarka. Gidajen rawashin na Shubaika da Ajyad ba wanda ya bauta musu. Kuma abin da ya maye gurbinsu ba sahun salla ba ne, otal ne da kantuna. Nan ne labarin ya tashi daga na faɗaɗa masallaci ya koma na fili da kuɗi, irin wanda aka sani a kowane babban birni, illa dai a nan farashin taku guda ya fi na ko'ina.

Salon ya fara ne da Kamfanin Gine-gine da Raya Makka, wanda attajiri Abdurrahman Faƙih ya jagoranta a ƙarshen shekarun 1980. Aka tattara ƙananan filaye da gidaje da ke fuskantar Harami, aka ba masu su hannun jari a madadin gidajensu, aka share wurin, aka tayar da benayen da otal ɗin Hilton ya shiga. Masu suka suna cewa gidan Sayyidina Abubakar a wannan yanki yake. A kan dutsen Abu Ƙubais, wanda ke kallon Hajarul Aswad, fadar sarki ta riga ta hau. Da aka ga abin ya karɓu, sai aka maimaita shi da girma a Jabal Umar, yamma da masallaci: unguwa ce ta talakawa a kan dutse, mai faɗin murabba'in mita dubu 230, aka kwashe ta gaba ɗaya, aka tsara benaye kusan 40. Yankin da ke kewaye da Harami, wanda ake kira Markaziyya, ya tashi daga wurin zama ya koma wurin saukar baƙi, tsayin gini kuma aka sake masa linzami. Mai gida hawa huɗu da ya ga maƙwabcinsa ya zama hawa talatin, ko ba a tilasta masa ba, lissafi zai tilasta masa.

Inda ba a bi ta hannun jari ba, an bi ta dokar karɓe fili don amfanin jama'a. Ma'aikata su zo da jan fenti su rubuta lamba a bango, da kalma guda ta Larabci: izala, wato a kawar. Bahaushen da ya ga rubutun a karon farko yakan yi murmushi, don sunan ya yi masa kama da na gida, amma ga mai gidan ba abin dariya ba ne. Bayan rubutu sai a yanke wuta da ruwa, sai katafila.

Mafi girman wannan rusau shi ne na Shamiyya, arewa da Harami, wanda aka fara a 2008 don faɗaɗawar Sarki Abdullah. Shamiyya ita ce zuciyar tsohon gari, unguwar malamai da muɗawwifai da manyan gidaje. Ta tafi, tare da Haratul Bab da sassan maƙwabtanta. Makarantar Saulatiyya, wadda malamin Indiya Rahmatullah Kairanawi ya kafa a shekarun 1870, wadda ta yaye malamai daga kowace kusurwa ta duniyar Musulmi, sai da ta tattara ta koma Ka'akiyya, can kudancin gari. A Shamiyya kam masallaci aka gina, ƙato, mai ɗaukar ɗaruruwan dubban masallata. A ƙarshen 2012 aiki ya iso kan rumfunan Turkawa, don a buɗe filin ɗawafi ya riƙa ɗaukar sama da mutum dubu 100 a awa, maimakon kimanin dubu 50. Wannan karon an ɗan saurari koke: wani kamfanin Turkiyya ya kwance ginshiƙan da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu lamba, ya gyara, aka mayar da wani sashe a ɗan nesa da inda yake. Wannan aiki ne ya sa aka rage kujerun ƙasashe da kashi 20 cikin ɗari daga 2013 zuwa 2016, kason Najeriya ya sauko daga 95,000 zuwa 76,000. Cikinsa ne kuma ƙugiyar gini ta faɗo a kan masallata ranar 11 ga Satumba 2015, ta kashe fiye da mutum 100, har da 'yan Najeriya.

Diyya an biya, kuma wasu gidajen Makka sun zama attajirai dare ɗaya. Amma diyyar fili ta mai takardar mallaka ce, kuma shekara da shekaru doka ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili a Makka da Madina. A nan ne labarin ya taɓo namu.

Tun ƙarnoni mutanen Afirka ta Yamma ke zuwa hajji su zauna. Larabawa suna ce musu Takarir, mu muka mayar da ita takari. Ayarin ya ƙaru bayan 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas aka kashe shi a Burmi, mabiyansa suka ci gaba, wasu suka tsaya a Sudan, wasu suka ƙarasa Hijaz. Jikokin na farko sun zama 'yan ƙasa, su ne masu sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi da ake gani a jikin rigunan 'yan ƙwallon Saudiyya. Tsire ma ya bi su, ana sayar da shi a Makka da Jidda da sunan da bai yi nisa da na asali ba. Amma da yawa, waɗanda suka zo daga baya ko iyayensu ba su yi rajista ba, an haife su a can, sun tsufa a can, ba takarda. Suka gina gidajensu a jikin duwatsu da bayan gari: Jarwal tun da, sannan Shara Mansur, Tandabawi, Hindawiyya, da kasuwar Hosh Bakar inda alhaji ke samun tuwo da miyar kuka in shinkafar masauki ta gundure shi. Hukuma tana kiran irin waɗannan unguwanni ashwa'iyyat, wato waɗanda aka gina barkatai ba tsari, tana kuma danganta su da laifuka da zaman ƙasa ba izini.

Ta tsakiyar wannan yanki aka ja layin babban titin Sarki Abdul'aziz, wanda yanzu ake tallarsa da sunan Masar: tsawon kilomita uku da rabi da ɗoriya, faɗin mita 320, daga mashigar gari ta hanyar Jidda har gindin Jabal Umar. Gidaje sama da 3,000 aka rushe masa. Mai takarda ya karɓi cak. Ɗan haya da mara takarda suka ɗauki katifa suka ƙara gaba, zuwa wani dutsen da layin bai kai ba tukuna. Waɗannan gidaje ba su da rawashin, ba mai sa su a littafin tarihi, su ma masu kukan kayan tarihi ba su cika ambatonsu ba. Amma unguwar da aka shekara ɗari ana jin Hausa a cikinta, a nisan tafiyar ƙafa daga Ka'aba, ita ma tarihi ce.

Alhajin da ya zo daga gida shi ma abin ya shafe shi, ko bai lura ba. Ribaɗin da ke bakin ƙofa ya tafi, gidan hayar da ke lungu na biyu ya tafi. Kusa da Harami yanzu na mai kuɗi ne: ɗakin da tagarsa ke kallon Ka'aba farashinsa daban, a goman ƙarshe na azumi kuwa kwana guda a wasu ɗakunan ya fi abin da manomi ke tarawa a shekara. A cikin benayen akwai wuraren salla da aka haɗa da lasifikar Harami, mutum ya bi liman daga hawa na sama, cikin sanyin na'ura, bai taka ƙasa ba. Alhazan jihohi kuwa suna can Misfala da Kudai da bayansu, tsoho ya yi tafiyar kilomita biyu ko ya jira bas, sau biyar a yini in yana da ƙarfi. Shi ya sa nisan masauki ya zama abin da hukumomin alhazai ke alfahari da shi ko ake zaginsu a kai kowace shekara.

Mutumin da ya fi kowa daɗewa yana wannan kuka ɗan Makka ne, masanin zanen gine-gine, Sami Angawi. A 1975 ya kafa Cibiyar Binciken Aikin Hajji, ya tara masana suka yi ta ɗaukar hotunan gidaje da lunguna, suna ƙirga motsin jama'a. Shawararsu ita ce a hana motoci shiga tsakiyar gari, a bar gine-ginen kusa da Harami gajeru, a kai manyan masaukai nesa a haɗa su da hanyoyin ƙafa masu inuwa da sufuri. Ba a bi ba. A 2005 ya ƙiyasta cewa gine-ginen tarihi aƙalla 300 aka rushe a Makka da Madina cikin shekara 50. Wata cibiya da ke Washinton ta ce kashi 95 cikin ɗari na tsofaffin gine-ginen Makka sun tafi, adadin da jaridu suka yi ta maimaitawa. Angawi ya koma Jidda ya gina gidansa da salon Hijaz, da rawashin da tsakar gida, baƙi na zuwa kallon abin da a da yake cike da titunan garinsu.

Abin lura shi ne ƙasar ba ta jahilci darajar tsohon gini ba. Turaif da ke Dir'iyya, garin laka inda gidan Al Sa'ud ya faro, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2010, ana kuma kashe biliyoyin daloli a kewayensa. Tsohuwar Jidda ta shiga a 2014, ana gyara gidajenta masu rawashin ɗaya bayan ɗaya, duk da cewa daga ƙarshen 2021 an baje unguwanni da dama na talakawa a wannan birni. A Makka ma iska ta ɗan juya: an buɗe cibiyar baje kolin tarihi a gindin Dutsen Hira, a saman hasumiyar agogo akwai gidan tarihi, kuma tun 2018 birnin yana da hukuma ta musamman da ke kula da tsarinsa. Sai dai sun zo bayan an kwashe kaya. Abin da ya rage na tsohon garin yawanci yana cikin hotunan da Muhammad Sadiƙ Bey na Masar ya ɗauka a 1880, da waɗanda likitan Makka Abdulgaffar ya ɗauka 'yan shekaru bayansa, da akwatunan cibiyar Angawi.

Shirin ƙasar na 2030 yana neman masu umara miliyan 30 a shekara, kowannensu kuma yana buƙatar gado. A 2025 kamfanin da ke gina titin nan na Masar ya sa hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta Riyad, masu saye suka yi rububi.

Ɗakin karatun Abbas Ƙaɗɗan yana nan a gefen harabar gabas, ƙaramin gini hawa biyu, shi kaɗai a fili, bayansa dutse da tashar bas. An sha raɗe-raɗin za a kawar da shi, bai tafi ba. A gabansa hukuma ta kafa allo cikin harsuna da yawa, yana cewa babu tabbacin a nan aka haifi Annabi, kuma bai halatta a keɓe wurin da salla ko addu'a ba. Alhazan Turkiyya da Indonesiya da Pakistan da namu sukan tsaya su karanta allon, su ɗaga waya su ɗauki hoto, har sai askari ya ɗaga hannu ya ce su wuce.